Na je lokeshin a matsayin ɗan cike waje, dan Allah masu sani ku ban shawara kafin na koma

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, fatan kowa yana lafiya. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne yake ta cina a rai tun satin da ya wuce kuma bana so na yanke shawara ni kaɗai.

Akwai wani fim mai dogon zango da nake bi tun fitowar farko, bazan faɗi sunansa ba dan ba ɓata wa kowa suna nazo yi ba. Ni dai in ranar da ake saka shi ce to tun kafin magariba na rufe shago a Fam Santa na kama hanyar gida, in babu wuta washegari na sai data na kalla a YouTube, har Umma ta san ranar ba'a aikena ko ina. To akwai abokina da muka yi sakandare tare, yana cikin yaran da suke ɗaukar fitilu a kamfanin da yake shirya fim ɗin, kullum ina masa naci in dama ta samu ya kaini lokeshin, wato wajen da ake ɗaukar fim ɗin, ko kallo ne nayi. Rannan wajen sha ɗayan dare sai ga kiransa, yace gobe ana neman mutum kamar talatin za'a ɗau sin ɗin ɗaurin aure, na zo da manyan kaya da hula ƙarfe bakwai na safe. Wlh daren nan barci rabi da rabi nayi, na tashi na goge farar shaddata ta sallah da dutsen gawayi saboda ba wuta.

Bakwai saura na isa, wata unguwa ce can bayan Ɗorayi. Babu kowa sai mai gidan da aka ara da wasu samari uku irina. Motar kaya sai wajen tara ta zo, manyan jaruman kuma sai sha ɗaya ta wuce. Da matar da take kula da kayan sawa ta ganni sai tace farin nan yayi haske da yawa zai kashe hoton a rana, ta ciro wata babbar riga shuɗiya daga cikin Ghana-mas-go tace na ɗora akai. Raina bai so ba amma na saka.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka jera mu, wani da abokina yace min mataimakin darakta ne yana ta ɗaga wannan yana mayar da wancan, dattijai a gaba mu samari a baya. Ya ja mana kunne akan abu uku, kar wanda ya kalli kyamara, kar wanda ya ciro waya, sannan in ance mu yi hira to baki kawai zamu motsa banda sauti. Wannan na ukun shine ya fi bani wahala, ka juya wajen mutumin da baka taɓa gani ba kana motsa baki kana gyaɗa kai kamar kun shekara goma tare.

To jama'a sin ɗin nan da a talabijin bai fi minti biyu ba, shafa fatiha kaɗai sai da muka yi sau tara, na ƙirga. Sau ɗaya ɗan sahu ya wuce da ƙara, sau ɗaya wani yaro ya leƙo ta katanga yana kiran sunan jarumin, sau ɗaya wanda ya fito a waliyyi ya manta maganarsa, sauran kuma ni ban ga laifin komai ba kawai sai naji ance a sake. Duk sanda aka ce kat sai a bi mu a karɓe goro da alawar da aka raba a mayar cikin faranti. Ana haka aka kira azahar aka tsaya, muka yi sallah aka bamu shinkafa da wake da fiya wata, kuma a nan ne abin da bazan manta ba ya faru, jarumin da nake so ɗin ya ɗauko nasa abincin ya zo ya zauna a tabarmar mu, ya bamu hannu ɗaya bayan ɗaya yana sannunku da rana, ya tambaye ni sana'ata. Irin abincin da muka ci shi ya ci. Wlh har yanzu in na tuna ina jin daɗi.

Bayan la'asar sai mataimakin daraktan ya nuna ni yace kai mai shuɗiyar riga taso, kai zaka miƙa wa waliyyi farantin goro. Na miƙa sau huɗu, kyamara tana kusa dani har ina jin numfashin mai ɗaukar. Ana gab da magariba aka sallame mu, aka bawa kowa dubu biyu aka ce kuɗin mota.

Wata huɗu ina jira. Ranar da za'a saka na faɗa wa kowa, Umma ta kira ƙanwarta, ƙannena suka cika falo. Da aka zo wajen, a hoton nesa ina can baya kan wani dattijo ya rufe rabin fuskata, wajen miƙa goron kuma hannuna ne kawai da hannun rigar. Umma tace ai ta gane hannun ɗanta ta sa min albarka, amma ni gaskiya jikina yayi sanyi.

Tambayoyina sune, shin dama haka ake yi ko ni ne ban iya ba shi yasa aka yanke ni? Sannan abokin nawa ya sake kirana wai akwai sin ɗin kotu na kwana biyu sati mai zuwa, na je ko na haƙura? Kuma a lokeshin ɗin wani mutum ya karɓi lambata yace shi yana haɗa sabbin fuska da daraktoci, yanzu yana ta kirana wai na turo dubu ashirin kuɗin fom zai samo min rol mai magana. Abin da ya fi damuna kuma, tun daga ranar in ina kallon fim ɗin bana iya nutsuwa cikin labarin kamar da, sai na dinga tunanin sau nawa aka maimaita wannan, waye yake riƙe da mayik a sama. Ina tsoron kar na rasa abin da nake so saboda na leƙa bayansa.

Mai Kwantiniti:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi shekaru ina aikin kwantiniti, wato lura da kar wani abu ya canza tsakanin ɗauka da ɗauka, kafin na koma editin, wato yankewa da haɗa hotunan da aka ɗauka, dan haka bari na fara kwantar maka da hankali, ba laifinka bane ko kaɗan. In da baka iya ba da tun a wajen za'a canza ka, ba za'a tsaya ɓata batir akanka sau huɗu ba.

Yawancin aikinmu da kyamara ɗaya ake yi, in an samu hali biyu. To sin ɗaya sai an ɗauke shi daga nesa tukunna yadda za'a ga kowa da kowa, daga farko har ƙarshe, sannan a matso a ɗauki fuskar mai magana na farko a sake yin sin ɗin gaba ɗaya, a juya kan na biyu a sake, sannan a ɗau ƙananan abubuwa irin hannu yana miƙa faranti ko kuɗin sadaki ana ƙirgawa. Kaga waɗancan da kace baka ga laifin komai ba aka ce a sake, ba kuskure aka yi ba, kusurwa aka canza. Kuma miƙa goron da kayi tun asali hannun ake so, shi yasa kyamarar ta matso har haka. Laifin da zan gani kawai shine da ba'a faɗa maka ba, da an ce maka malam hannunka zamu ɗauka da baka tara mutanen gida ba. Amma lokacin kowa rana yake kallo, bayan la'asar haske gudu yake, in ya canza hoton ba zai haɗu da na safe ba sai a ga inuwa tana tsalle daga nan zuwa can.

Karɓe goron kuma aikina ne na da, hhh. In a hoton nesa farantin a cike yake sannan a na kusa ya zama rabi, mai kallo zai gani, kuma 'yan kallonmu na yanzu basa yafiya, sai ka ganshi a TikTok an zagaye da jan layi. Shi yasa muke ɗaukar kowa a waya kafin a tafi sallah, wa yake kusa da wa, hular wa ta karkata ina, wa ya naɗe hannun riga. Motsa baki ba sauti kuma saboda mayik ɗin da yake kan sanda ne, yana kwasar komai, in mutum talatin suna surutu maganar jarumi ta nutse kenan. Hayaniyar taron daban ake ɗaukarta daga baya edita ya shimfiɗa ta a ƙasa yadda zai iya ragewa ko ƙarawa.

Lissafin da muke yi shine shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo. Sin ɗin da ya ci muku wuni guda bai fi shafi biyu ba. Kuma in edita ya zauna, tashar ta bashi iyakar mintunan da zai cika ga wajen talla, to abin da baya ciyar da labari gaba shi ake fara zubarwa, har manyan jarumai ana zubar musu da sin sukutum. Bayan edita kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001, dole aikin ya bi ta hannunta kuma tana iya cewa a cire wani waje. Baka manta ba ai a watan Mayun 2025 ta dakatar da masu dogon zango har 22 a lokaci ɗaya akan maganar rashin kai su tacewa. To tsakanin ranar ɗauka da ranar haskawa hannaye da yawa ne suke taɓa aikin.

Maganar mai dubu ashirin kuwa, kar ka tura masa ko sisi. Dan Allah kar ka tura. Duk lokeshin akwai irinsu, ba ma'aikatan kamfanin bane, suna raɓewa ne su ɗau hoto da jarumai su dinga nunawa yara a waya. Mai aiki shi ake biya, ba shi yake biya ba. Rajista ta gaskiya akwai, hukumar tana yi wa 'yan masana'anta, akwai ƙungiya irin MOPPAN ta masu sana'ar shirya fim da ƙungiyar jarumai, amma waɗannan ofis garesu, da ƙafarka zaka je a baka rasit mai hatimi, ba asusun wani mutum zaka tura wa ba. Kuma ita rajistar ba ita take bada rol ba. Ka tambayi abokinka ko ya san mutumin, sannan ya faɗa wa furodakshin manaja ana karɓar lambobin mutane a lokeshin ɗinsu, zai so ya sani dan sunan kamfaninsa ake ɓatawa.

In zaka koma, kar ka sa fari ƙal, kar ka sa mai ƙananan zane-zane a jere dan yana rawa a kyamara, kar ka sa riga mai tambarin wani kamfani. Ka riƙe kaya kala biyu a leda. Kuma tunda kwana biyu ne kayan da ka sa ranar farko su zaka maimaita har hula har agogo.

Bazazzagi:

Ni fa ban yarda da wani ɓangare na maganar Mai Kwantiniti ba, yayi bayanin aiki da kyau amma ya tsallake maganar kuɗin. Mutum ya rufe shago tun safe har magariba, daga Kurna zuwa bayan Ɗorayi ɗan sahu biyu ne zuwa biyu dawowa, a miƙa masa dubu biyu ace kuɗin mota? To ladan wunin fa? Ana cin moriyar son da yara suke yi wa fim ɗin ne kawai, an san ko kyauta aka ce su zo zasu zo. Alhali ana samun talla ana samun kuɗin YouTube, kuma in ka cire mutanen nan talatin ɗaurin auren ya zama na mutum huɗu wa zai yarda da shi? Ni ba cewa nayi a basu abin da ake bawa jarumi ba, amma a faɗa wa mutum tun a waya ga abin da za'a baka ga lokacin da za'a tashi, in ya ga zai iya ya zo. Ko lebura ka ɗauka a bakin titi sai kun yi ciniki kafin ya ɗau shebur.

Sannan wani abu da ya tsaya min, ɗaurin auren nan da kuka shafa wa fatiha sau tara, an faɗi siga? Dan akwai hadisin abubuwa uku da gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne, aure da saki da kome, kuma malamai sun sha tattauna wannan akan 'yan fim.

Mai Kwantiniti:

Malam Bazazzagi akan faɗa wa mutum tun farko ina tare da kai ɗari bisa ɗari, na sha faɗa a wajen aiki. Abin da zan ƙara kawai shine kuɗin ba kamar yadda ake hange bane. Da can furodusa yana gama fim ya kai Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su saya a buga kaset ko faifai, kuɗi ya dawo a dunƙule. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe wannan kasuwar, shi yasa kowa ya koma dogon zango, musamman bayan Arewa24 ta fara a 2014 sannan zaman korona na 2020 ya tura mutane YouTube. Shi kuma YouTube abin da yake biya akan mai kallo daga nan gida bai kai na mai kallo daga Turai ko Saudiyya ba. Yaron fitila irin abokin Ɗan Kurna ka tambaye shi nawa yake tashi da shi, zaka tausaya masa. Wannan ba hujjar a ƙi yin ciniki bane, na dai faɗa ne dan a san inda matsalar ta taso.

Maman Ilham:

Sannu Ɗan Kurna, labarinka ya tuna min nawa. Ni ma na taɓa yi sau ɗaya kafin nayi aure, a Kaduna, sin ɗin kamu ne aka ari gidan maƙociyarmu aka ce ana son mata su cika tsakar gida. Sai da Babanmu ya aika yayana ya je ya ga wajen ya ga su waye tukunna ya barni, kuma da sharaɗin ina gida kafin magariba. A lokacin naji haushi amma yanzu na gane gatana aka yi, dan wasu 'yan matan da suka zo daga nesa har goman dare suna wajen ba wanda ya tanadar musu motar komawa, maman gidan ce ta sa ɗanta ya raka su titi.

Mu namu wahalar ɗaurin ɗankwali ne. Ba'a gama ranar ba aka ce mu dawo jibi da kaya iri ɗaya, to leshin dai ba matsala amma ɗaurin da wata ƙawata ta min ranar farko ita bata dawo ba, aka nuna min hotona a waya aka ce sai ya koma haka sak, mu uku muka taru akan kaina kusan rabin awa. Ga lallen hannuna ya fara dushewa, mai kwalliya ta bi shi da wani abu. Kuma guɗa ma cewa akayi mu buɗe baki mu kama hanci kawai, wata tsohuwa guda ɗaya ce aka ɗau tata guɗar daga baya ita kaɗai a ɗaki, kuma wlh da aka saka sai ka rantse mu duka muke yi.

Ni an ga fuskata sosai, kusan sau uku, kuma ka san me? Ba daɗi kawai ya jawo min ba. A islamiyya wata ta daina min magana wai na zama 'yar fim, da maganar aurena ta taso sai da wata gwaggon mijina ta ɗauko zancen. Allah ya taimake ni shi ya san yadda akayi. Kai namiji ne abin da sauƙi, amma na faɗa ne saboda ƙannenmu mata da suke karanta wannan, abin da aka ɗauka ya ɗauku kenan, yana nan a intanet shekara da shekaru baka da ikon goge shi. Ki yi shawara da gida kafin ki je, kar ki je ke kaɗai, kuma duk wanda yace ki same shi a otal ko wani ofis da daddare dan gwaji ki toshe lambarsa.

Akan tambayarka ta ƙarshe kuma, ni ma na yi wannan, kusan wata biyu ina kallon fim ina neman kuskuren ɗankwali. Da kansa ya wuce. Wani sin ne na uwa da ɗanta a asibiti ya zo, ban san sanda na fara hawaye ba, kuma na san sarai akwai mutum goma tsaye a bayan kyamara ana riƙe da fitila. Sai ma naga girman matar ya ƙaru a idona, tunda na san cikin wannan zafin da hayaniyar ta iya kukan, wataƙila ma sau biyar.

Baba Na Gwale:

Yaro Allah ya yi maka albarka, jikata ce ta nuna min rubutunka nace ta rubuta min amsa. Mu mun yi wannan tun ba'a san sunan Kannywood ba. Farkon shekarun 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi aka buɗe CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ga kuma NTA, to ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni su suke kai wasa. Ni ina wata ƙaramar ƙungiya, muna taruwa a wata firamare bayan la'asar muna gwaji. Shekarata biyu cur abin da nake fitowa shine dogari a bayan sarki ko mai zama a fada yana cewa gaskiya ne ranka ya daɗe, wani lokacin ko wannan ba'a bani. Ba ko kwabo, mu ne ma muke karo-karo na kuɗin mota. Kuma a lokacin in aka haska ka baka gani ba to ya wuce, babu waya babu maimaitawa sai in tashar ta ga dama, gidan mai talabijin ɗaya a layi ake taruwa.

Su marigayi Kasimu Yero da Samanja da muke gani a sama, duk wanda ya san su zai faɗa maka daga ƙasa suka taso, ba rana ɗaya aka wayi gari aka gansu ba. Har fim ɗin bidiyo na farko da ake lissafawa, Turmin Danya na 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta Tumbin Giwa ta yi shi, mutanen da suka daɗe suna gwaji tare. Abin da nake ganin ya ɓace yanzu kenan, yaro yana so ya fito amma babu inda yake koyo.

To ni tambayar da zan maka, kallon kake so ko wasan? In kallon ne, ka je ka gani ka ci abinci da gwaninka ya isa, ka riƙe shagonka. In kuma wasan ne ya shiga ranka to zaman kotun nan makaranta ce, kwana biyu kana zaune kana kallon yadda manya suke shiga magana suke fita, inda suke tsayawa su ja numfashi, yadda darakta yake gyara musu. Ni a tsaye a bayan sarki na koyi duk abin da na iya. Amma kar ka saki sana'arka, mu da yawa da muka yi wasan nan da albashi ko kasuwa muka riƙe gida.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan muna kallonku sosai, kuma ni dama ɗabi'ata ce kallon mutanen baya, dan su suke nuna min yadda Kano take, irin hular da ake yayi da yadda ake zama a ɗaurin aure. Akwai wani dattijo da nake gani a fina-finai daban daban ko yaushe yana cikin taro bai taɓa magana ba, ni da ƙanena har neman shi muke in an nuno jama'a. Ka faɗa mana fitowa ta nawa ce mu je mu ga hannun naka ɗan uwa.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaya Mai Kwantiniti na kira abokina na kwatanta masa mutumin, yace ba ma'aikacinsu bane kuma ba ni kaɗai ya karɓi lambata ba, akwai wani yaro cikin waɗanda muka zauna tare da har ya tura masa dubu goma. Ya faɗa wa manajan nasu, ni kuma na toshe lambar.

Malam Bazazzagi ba'a faɗi siga ba, ni dai a gabana ba'a yi na nema na bayar ba, daga an taru sai a shafa fatiha sai maroƙi ya ɗaga murya. Hukuncin kuma zan tambayi limamin masallacinmu dan naji daga bakin masu ilmi. Kuma na ɗau shawararka, nace abokina ya tambayar min nawa ne kuma ƙarfe nawa za'a tashi, yace dubu uku ne kowace rana da abinci, tashi kuma ba wanda zai iya min alƙawari.

Anti Maman Ilham maganarki ta asibitin nan ita ta fi kwantar min da hankali, jiya na kalli sabuwar fitowa kuma rabi na bi labarin rabi ina neman inuwar mayik, to da sauƙi akan da.

Tambayar Baba ce har yanzu ban gama amsa wa kaina ba. Zan je kotun, na roƙi ƙanina ya zauna min a shago kwana biyun, na ware shadda ruwan toka da wata ruwan ƙasa. Wannan karon ba wanda zan faɗa wa a gida sai Umma. Ɗan Maraɗi ka duba saƙonka na tura maka lambar fitowar da mintin. Yaya Mai Kwantiniti tambaya ɗaya ta rage, a sin ɗin kotu wane layi ne ya fi kusa da inda darakta yake zama, dan ina so na dinga jin abin da yake faɗa musu tsakanin ɗauka da ɗauka?